Zaren Ruwa

Daren Talata famfo ya yi tari sau biyu,
ya tofar da ɗigo ɗaya, ya yi gum.
Na murɗa hagu, na murɗa dama,
ƙarfen ya manne mini a tafin hannu
kamar shi ma ɗumi yake roƙo.

A nan Narin, in sanyi ya gangaro daga duwatsu
ba ya sallama.
Ƙarƙashin ƙasa yake bi, kamu uku, kamu huɗu,
ya tarar da ruwa na tafiyarsa cikin bututu,
ya ce masa: tsaya nan.
Ruwa kuwa ya tsaya.

Laifina ne, na sani.
Saginbek ya faɗa ranar da zai tafi Rasha aikin gini:
"Burulkan, ki bar shi yana zuba da dare,
siriri kamar zaren ɗinki.
Ruwan da ke tafiya ba ya daskarewa."
Ni kuwa na kwanta ina jin ɗis, ɗis, ɗis,
kowane ɗigo na ƙirga mini kuɗin wata.
Na tashi cikin duhu na ɗaure masa baki.
Garin neman gira na rasa ido.

Dusar ƙanƙara maƙaryaciya ce.
Ka cika bokiti har ya yi tozo,
ka ɗora a murhu,
ta ba ka kofi uku masu warin hayaƙin kwal.
Shayi ya ci ɗaya. Tukunya ta ci biyu.
Surukata ta dubi buta, ta dubi tumaki shida a garke,
ta dafa bangon murhu ta yi taimama.

Ermek, ɗan shekara tara,
ya ja jarka zuwa kogi inda maza suka fasa rami da gatari.
Ya dawo gashin idonsa fari fat,
tsoho a fuska, yaro a murya.
Motar ruwan hukuma ta zo ran Alhamis,
tiyonta ya sandare tun a layin farko.
Duishon mai gyara ya ce gida arba'in ke gabana,
kuma ƙasar nan, ko diga tsoronta take.

Sai na ɗauko kwat ɗin Saginbek daga ƙusa,
mai warin taba da man inji,
na naɗe bututun da shi kamar majinyaci.
Na tafasa ragowar ruwanmu na tsiyaya masa a wuya.
Ai da ruwan ciki ake jan na rijiya.
Ya sha, bai gode ba.

Bayan katanga famfon Kalica na ɗiga, ina ji.
Shekara biyu ba ma ga-maciji
tun da akuyarta ta cinye mini dashen tuffa.
Na gwammace in haɗiyi yawu.
Asubar kwana na biyar na buɗe ƙofa:
bokiti biyu, shuɗi da ja,
fuskarsu ta yi ɓawon ƙanƙara,
sai sawun takalmi ƙanana da suka koma ta inda suka fito.
Ba ta ƙwanƙwasa ba.
Ta san da ta ƙwanƙwasa, da na ce muna da shi.

A dare na tara bututun ya fashe.
Na farka ruwa har idon sawu,
takalma na iyo, kwat ya jiƙe sharkaf,
surukata na salati, Ermek na tsalle,
ni kuwa dariya ta ƙi sakina.

Da ya bugo waya ya ce, ya gida?
Na ce lafiya lau, kwat ɗinka ya yi wanka.

Yanzu Duishon ya ɗaure, zaren na zuba har safe,
ina barci da ƙararsa.
Bokitin nan biyu kuwa suna bayan ƙofa.
Ba a mayar da kwano fanko,
kuma har yau ban san me zan zuba a ciki ba.